Allura da Zare, Kujera Ɗaya

Auta,

Cikin alhini da miƙa wuya ga ƙaddara nake sanar da ke rasuwar butar shayina, wadda ta auku ranar Talata da safe bayan doguwar jinya. Ta rasu ta bar marfi ɗaya, da igiyar wuta da ta ƙone, da ni. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya duba ta, ya girgiza kai irin na manyan likitoci, ya ce sai haƙuri. Ba za a yi zaman makoki ba, domin babu abin da za a dafa wa masu gaisuwa shayi a ciki.

Bayan wannan babban rashi, ina gaishe ki. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da yaran. Ni lafiya ƙalau, ban da gwiwar hagu da ke yi mini gunaguni a kan matakala, da idanu da suka fara neman a riƙa matsar musu da takarda nesa. Kin san ni da waya ba ma shiri. A waya mutum ba ya faɗin komai sai "lafiya lau", ku kuma a kamfanin ɗinkinku tun daga bakin ƙofa ake karɓe wayoyi. Tun da direban maɗaba'armu yana ratsa garinku duk sa'ad da zai kai littattafai, na naɗa shi ɗan aike, ba tare da na shawarce shi ba.

Ga maganar. An buɗe rajistar 'yan aji ɗaya, kuma Zare ta isa shiga. Tun da mahaifiyarta ta rasu kika riƙe mini ita, ba ki taɓa bambanta ta da Allurarki ba, har Inna ta raɗa musu waɗannan sunaye don ba a ganin ɗaya ba tare da ɗaya ba. Kina asibitin ranar da marigayiya ta riƙe hannuna. Ita daga aji biyu aka cire ta don ta yi renon ƙannenta, har ta bar duniya da yatsa take dangwala wa takarda. Abu ɗaya ta roƙe ni: kada 'yarta ta dangwala yatsa. Don Allah ki kai ta makarantar nan ta bayan tankin ruwa. Na ba direba kayan makaranta: riga, siket, hula, da takalmi mai jar igiya. Na sayo su da ɗan girma, don yara ba sa jiran kaya.

Abin dariya, wannan makon wani ƙaton rahoto nake gyarawa a kan karatun 'yan mata a ƙasashe irin tamu, waɗanda masana ke kira masu matsakaicin arziki. Wato ba mu yi talaucin da za a tausaya mana ba, ba mu yi arzikin da za a yi mana hassada ba. Rahoton ya ce kusan duk 'yan mata sun shiga firamare. Na gyara musu waƙafi da aya, ban taɓa musu lambobi ba. Ki taimaka ki sa Zare a ciki don kada masana su ji kunya.

Batun Inna ban manta ba. Na yi alkawarin ɗaukarta rabin shekara, ke rabi, kuma ina nan a kai. Sai dai ɗakina na biyu littattafai sun mamaye shi har bakin taga, kuma ba su da niyyar tashi cikin lalama. Bari in gama wannan aikin.

Yayanki

*

Yaya,

Allah ya jiƙan buta, ya ba ka haƙurin rashi. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, direbanka ya zo ya koma ban samu na zauna na riƙe biro ba.

Na kai Zare. Layin tun daga bakin ƙofar makarantar har wajen mai sayar da kalanzir. Yara sun ninka kujeru, wasu iyayen an rubuta su a jerin masu jira aka ce su koma gida. Shugabar makarantar ta tara mu ta ce mu ji da kyau: duk yaron da ya cika fashi za a soke sunansa a ba na jira, babu roƙo. To, sunan Zare ya shiga, kuma har yau ba a kira shi an ji shiru ba. Allura sai baɗi.

Kayan sun yi kyau. Takalmin ya yi yawa, na cusa tsumma a gaba.

Inna jikinta da ƙarfi, kan ne dai. Makon jiya ta buɗe ƙofa ta fita wai za ta tsohon gidanmu, wanda aka rushe tun kafin in yi aure. A tashar bas aka tsince ta da takalmi ƙafa ɗaya, tana tambayar mutane ko sun ga Baba. In na kulle ta a ciki, sai ta yi ta dukan ƙofa tana kuka har maƙwabta su taru suna kallona kamar na ɗaure akuya. Ranar nan ta kunna gas ta koma ta kwanta. Maƙwabciyar da ke leƙa mini ita ta samu aikin shara a asibiti, ba ta nan da safe. Ni kuma ka san ina fita da sassafe sai la'asar, in na yi fashi akwai mata a bakin ƙofar kamfani suna jiran kekena. Baban Allura yana can wurin aikin hanya, sai ƙarshen shekara.

In akwai mutum kusa da ita, ko yaro ne, tana zama lafiya. Hira kawai take so da wanda zai ce mata "Inna, zauna."

Littattafai ba sa kunna gas, Yaya. Yaushe za ka zo ka ɗauke ta?

Zare ta ce lallai sai ta rubuta maka lambobi a ƙasa. Ga su nan.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan Inna ta samu sauƙi. Ni gwiwa ta sassauta, kuma na yi sabuwar buta, mai fito in ta tafasa, kamar ɗan sandan hanya.

Na ga lambobin. Na kafa takardar a bango kusa da teburina, duk wanda ya shigo maɗaba'a sai na tsare shi ya yaba. Sai dai a matsayina na mai cin abinci da kurakuran mutane, dole in faɗi gaskiya: shidan Zare a kanta take tsaye, ƙafa a sama. Ɗaya, uku da biyar lafiyarsu ƙalau, amma biyu da huɗu kamar an kife su. Ko malamar a rataye take koyarwa? Ki ce wa malamar wani tsoho mai jan biro yana gaishe ta.

Yanzu ke. "Allura sai baɗi." Kalma uku kika yi, kika wuce, kamar kina maganar fentin ɗaki. Wata ɗaya aka haife su, Auta. Ni da nake gyara rahoton masana ina yi musu dariya, ashe 'yar ragowar da suka ce ba ta shiga makaranta ba a gidanmu take. Kin san yadda "baɗi" yake: yana da ƙane, shi ma sunansa baɗi. Ba faɗa nake yi ba, ke ce uwa. Amma ke da kika yi ta kuka sai da Baba ya bar ki kika gama aji shida, ban zaci sai an tuna miki ba.

Batun Inna, na yi tunani sosai. Ki sa kafinta ya ɗaga sakatar ƙofar zuwa sama inda hannunta ba zai kai ba, ki riƙa cire kan gas ɗin kina tafiya da shi a jaka. Kukan na ɗan lokaci ne, za ta saba. Ni kuma an kawo mana aikin ƙamus, ƙamus kuwa ba a yi masa gaggawa. Muna kan harafin farko. Da mun ɗan yi nisa zan zo.

Ki shafa mini kan yaran.

Yayanki

*

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Ni lafiyar jiki akwai.

Kin daɗe ba ki rubuto ba, na ce aiki ne. Yanzu na san dalili.

Direba ya dawo jiya. Ya shigo ofis yana ta juya hularsa a hannu, yana ba ni labarin ramukan hanya, har sai da na ce masa ya faɗi abin da ke bakinsa. Ya ce ranar Litinin da hantsi ya buga ƙofarki don ya ba da saƙona. Zare ce ta buɗe. Tsohuwar rigar gida ce a jikinta, ba takalmi, da kofi da cokali a hannu, tana ba Inna shayi. Ya ce mata, "'Yar Malam, yau babu makaranta ne?" Ta ce masa, "Yau ba ranata ba ce." Har an koya mata amsa.

Na ce masa wataƙila zazzaɓi ne. Ya ce shi ma haka ya zata, shi ya sa da zai dawo ranar Laraba ya sake biyawa. Zare ce dai ta buɗe, tana wanke zanen Inna a bokiti. Da zai fita daga layinku sai ga 'yan makaranta an taso, ga Allura a cikinsu, da riga da siket da hula, da takalmi mai jar igiya. Ni na zaɓi igiyar nan da hannuna, Auta. Na tsaya a shago ina ta jayayya da mai kanti a kan ja ko baƙa, kamar wani abin kirki nake yi.

Ashe "sai baɗi" ke nan. Ni ina nan ina yi miki huɗuba a kan 'yarki, ke kina can kina dariya. Sunan 'yata a rajista, 'yarki a kan kujera. An kira suna ba a taɓa jin shiru ba, haka kika rubuta, kuma ba ki yi ƙarya ba. Na sha karanta rubutun 'yan siyasa, ban taɓa ganin jimla mai tsabta irin wannan ba. Lambobin da na kafa a bango ma yanzu na gane su. Yarinyar da ba ta zuwa aji, tana leƙen littafin wata daga nesa, dole shidanta ta tsaya a ka.

Da baƙo ne ya yi mini, da na ce duniya ce. Ke kika wanke marigayiya. Kina tsaye ta yi roƙonta. An cire ta daga aji don ta yi reno, yanzu 'yarta ko ajin ba ta gani ba an ɗora mata jinya. Da kin ce mini riƙon ya yi miki nauyi, da na san abin yi. Ban ba ki 'yar aiki ba, amana na ba ki.

Ban tsaya a kanki ba. Na rubuta wa shugabar makarantar takarda, na bayyana mata cewa yarinyar da ke amsa sunan 'yata ba 'yata ba ce, na nemi a bincika. Na aika kwafi ofishin ilimi na yanki, kamar yadda ake yi, don kada takardar ta kwana a aljihun tebur. Na sauke lambobin daga bango.

Ina jiran amsarki, in akwai.

Yayanki, duk da haka

*

Auta,

Gaisuwa. Ina fatan Inna lafiya.

Direba ya je ya dawo hannu wofi. Ya ce kin karɓi takardata a bakin ƙofa, kin ce masa ya gaida gida, ko ruwa ba ki ba shi ba. Har waya na kira, ni da kaina, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wanda aka cuta shi ke bin sawu, wadda ta yi cutar ita ke fushi. Wannan sabon tsari ne, ban ci karo da shi a littafi ba.

Mun shiga harafi na uku a ƙamus. Jiya na tsinci kaina na karanta shafi guda sau da yawa ban ga komai ba, yaron injin ne ya nuna mini an maimaita layi. Ki rubuto, ko zagi ne. Ina so in san inda 'yata take kwana da inda take wuni.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya. Inna lafiya. Yaran suna gida, su biyun, kullum. Ka samu abin da kake so, yanzu babu wadda ke amsa sunan wata.

Na ƙi rubutowa ne don kada in rubuta abin da ba zai goge ba. Yanzu ka karanta, kuma ka ajiye jan biron.

Direbanka yana zuwa Litinin, ya dawo Laraba. Da Talata ya zo, da Allura ce za ta buɗe masa ƙofa da cokali a hannu, ya ga Zare ta dawo da jar igiyarka. Yau wannan, gobe waccan. Haka suke yi tun ranar farko. Zare ta gaya masa gaskiya, yau ba ranarta ba ce. Kai ne ka karanta abin da kake so.

Dole mutum ɗaya ya zauna da Inna, na rubuta maka wannan. Ni in na zauna, ba mu ci ba. In na sa su duka biyu a rajista, kowace tana fashin rabin mako, kafin wata ya ƙare an soke su duka, na rubuta maka dokar ma. Sai na ga suna ɗaya da ba ya fashi ya fi biyu da za a kora. Na tsaya a layin nan da takardun haihuwa biyu a jakata. Da na iso gaban tebur, malamin ya ce, "Suna?" Ta 'yarka na miƙa. Tawa na mayar jaka. Allura tana riƙe da zanena tana kallo. A hanya ta ce, "Umma, ni ba a rubuta ni ba?" Na ce mata an rubuta ta a cikin Zare.

Wadda ta je, in ta dawo sai ta cire kayan ta rataye wa 'yar'uwarta, su zauna a ƙaramin teburin nan suna fuskantar juna, ta koya mata abin da aka yi. Abin da Zare ta koya a aji yana tsaye daidai. Abin da ta koya daga ɗaya gefen tebur shi ne ka gani a kife. Na Allura ma haka, sai dai nata ɗaya da uku ne a kife. Ka kafa a bango ka yi ta dariya, ba ka tambaya ba.

Malamar ajin ta gane tun mako na biyu. Ta kira ni gefe ta ce, "Maman Zare, 'yarki wata rana tana da wushirya, wata rana babu." Na fashe da kuka a gabanta. Ta ce in share hawaye, ita kai take ƙirgawa, kuma kai ɗaya take gani. Har takan maimaita darasin jiya a gurguje don wadda ba ta zo ba.

Da shugabar kaɗai ka rubuta wa, da an kashe maganar a ofis. Amma ka aika kwafi, kamar yadda ake yi. Mai duba makarantu ya zo da takardarka a hannu, ya shiga ajin tare da shugaba. Ranar Allura ce. Ya ce ta tashi, ya tambaye ta sunanta. Ta faɗi na Zare, yadda na koya mata. Ya karanta wani wuri a takardarka da ƙarfi, ya sake tambaya. Ta sake faɗin na Zare. Sai da ya tambaya karo na uku ta yi shiru. Aka ce ta ɗauki jakarta. Yara suka biyo ta har bakin tanki suna "ɓarauniyar suna". Ta shigo gida ta cire takalmin ta jera a bakin ƙofa, ta shiga bayan Inna ta kwanta. Har yau ko ta gaban makarantar ba ta yarda ta bi.

An ba malamar takardar tuhuma. An dakatar da sunan Zare. Sun ce sai uban da ya yi ƙorafi ya zo da kansa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba na jira kujerar.

Za ka ce me ya sa ban gaya maka ba. Na ce maka uwarmu tana yawo a tasha da takalmi ƙafa ɗaya, ka aiko mini da dabarar sakata. Na gwada, Yaya. Na dawo na tarar ta fasa gilashin taga da hannu. Da na gaya maka tsarin, na san amsarka: Zare ta je kullum, Allura ta zauna, tun da an ce baɗi. Da dogon bayani mai daɗi za ka faɗe shi, har in ji kamar ni ce mai son kai.

Ka ce amana ka ba ni. Ni ma an ba ni alkawarin rabin shekara. Ni ma ina asibitin, na ji abin da matarka ta roƙa, shi ya sa na miƙa takardar da na miƙa. Ba ni na sa 'yarka jinya ba. Ɗakin littattafanka ne ya sa su, su biyun.

In za ka zo, ka zo. In ƙamus bai kai harafin da za a iya bari ba, ka faɗa mini in san abin da zan gaya wa Zare.

Auta

*

Auta,

Ina kwana. Ina fatan kin tashi lafiya. Na san abin dariya ne mutum ya rubuta wa wadda bango ɗaya ya raba su, amma tun da na iso gaisuwa kaɗai kike amsa mini, ita ma kina kallon bokiti. Zan sa wannan a ƙarƙashin almakashinki, inda na san za ki gani kafin ki fita.

Na je ofishin ilimi. Mai duba makarantun ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa samun takardar ƙorafi mai kyau irin tawa ba, babu kuskure ko ɗaya, har yana nuna wa ƙananan ma'aikata don su koya. Na ce masa waƙafin dai daidai ne. Na zauna a gabansa na rubuta wata ta janye ƙorafin, gajera, wadda ba za a nuna wa kowa ba. Ya ce za a janye tuhumar malamar a bar ta da gargaɗi. Na je na same ta a bakin aji don in ba ta haƙuri. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai jan biro?" Na ce ni ne. Ta ce, "Ba a rataye nake koyarwa ba." Ashe kin isar da saƙon.

An mayar da sunan Zare, gobe za ta koma. Na roƙi shugabar ta bar Allura ta zauna ko a ƙasa ne. Ta ce da can da ba a sani ba, da ta kau da kai, amma yanzu idon ofis yana kan ajin, kuma ni na jawo shi. Ta rubuta ta a farkon jerin baɗi, da sunanta na gaskiya, ina tsaye. Iyakar abin da na samo ke nan. Kafin takardata tana da rabin aji, yanzu ba ta da ko ɗaya.

Ba zan ɗauki Inna ba, matakalata ba ta tsofaffi ba ce, kuma jiya da na ce mata ni ne, ta ce in zauna, ɗanta yana hanya. Ni zan zauna. Na yi magana da mai maɗaba'a, direba zai riƙa kawo mini shafuka yana komawa da su. Ya ce ai tuntuni ana iya yin haka, me ya hana ni tambaya? Tabarmar falo ta ishe ni, butata ma na taho da ita.

Da safe, in Zare ta tafi, ni da Inna da Allura ne. Jiya na ɗauko takarda na ce wa Allura ta zo mu yi lissafi. Har yanzu ba ta kira ni Kawu ba. Ta zo ta zauna a ɗaya gefen teburin tana fuskantata, yadda suka saba. Na rubuta uku, ta kwafa, ta fito a kife. Na miƙa hannu zan ɗauki jan biro, sai na fasa. Na tashi na zagayo na zauna kusa da ita.

Da rana zan je in sayo kayan makaranta na biyu. Ki gaya mini lambar ƙafar Allura, in kin ga dama ki rubuta a bayan wannan takardar.

Na yi kuskure, Auta. Ba a waƙafi ba, a duka shafin.

Yayanki